BABI NA BIYU: MATAKAN RUBUTA KUNDIN BINCIKE A FANNIN ILIMIN MOTSIN JIKI, DA MISALAI DAGA DUTSIN-MA DA KURFI

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan matakan da ɗalibin shekarar ƙarshe yake bi wajen rubuta kundin digiri na farko a fannin ilimin motsin jikin ɗan Adam. An ɗauki ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi da ke tsakiyar Jihar Katsina a matsayin farfajiyar misalai, saboda a nan ne ake da manyan makarantu biyu da ke koyar da wannan fanni, kuma a nan ne ɗalibai da dama suke tattara bayanansu. Za a fara da ma'anar fannin da taƙaitaccen tarihinsa, sannan a dubi zaɓen batu, da bitar ayyukan da suka gabata, da fitar da samfur, da kayan awo, da kare lafiyar waɗanda ake bincike a kansu, da kuma ƙalailaice sakamako.

2.1 Ma'anar Ilimin Motsin Jiki

Ilimin motsin jiki fanni ne da ke nazarin yadda jikin mutum yake motsi, da dalilan da ke haddasa motsin, da kuma tasirin da motsin yake yi ga lafiya da ƙwazo. A Turance akan kira shi kinesiyoloji, kalmar da ta samo asali daga Girkanci, inda tushenta yake nufin motsi. Fannin ya ƙunshi rassa da yawa. Akwai reshen da ke duba ƙira da ginin jiki, wato ƙashi da tsoka da gaɓoɓi. Akwai wanda ke duba aikin zuciya da huhu a lokacin da jiki yake wahala. Akwai wanda ke amfani da dokokin kimiyyar fiziks domin auna ƙarfi da sauri da nauyi. Haka kuma akwai reshen da ke nazarin yadda yaro yake koyon motsi, da wanda ke duba halayyar ɗan wasa da matsayin wasanni a cikin al'umma.

Misali zai ƙara fito da wannan rabe-rabe. Idan ɗan dambe ya kai naushi da hannun da ya ɗaure, masanin ginin jiki zai dubi tsokokin kafaɗa da na dantse. Masanin dokokin motsi zai nuna cewa ƙarfin naushin yana farawa ne daga ƙafar baya da ke tokare ƙasa, ya bi ta juyawar ƙugu, kafin ya isa hannu. Masanin aikin zuciya zai ƙirga bugunta bayan turmi na uku. Shi kuwa masanin zamantakewa zai tambayi dalilin da ya sa aka san dambe da mahauta tun asali, kuma aka fi yin sa da kaka. Naushi ɗaya ke nan, amma tambayoyi huɗu, kuma kowace tambaya tana iya zama kundi mai zaman kansa.

2.2 Taƙaitaccen Tarihin Fannin

Masana sukan danganta tushen nazarin motsi a kimiyyance da Giovanni Borelli, ɗan ƙasar Italiya, wanda littafinsa a kan motsin dabbobi ya fara fitowa a shekarar 1680, bayan rasuwarsa. Shi ne ya bayyana ƙasusuwa da tsokoki a matsayin sanduna da igiyoyin da ke ɗaga nauyi. A shekarar 1878 Eadweard Muybridge ya ɗauki jerin hotunan doki yana sukuwa a Amurka, wanda ya tabbatar da cewa akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk suke barin ƙasa. Daga nan ne hoto ya zama kayan aikin nazarin motsi. An ba A. V. Hill na Ingila kyautar Nobel ta shekarar 1922 saboda bincikensa a kan zafin da tsoka take fitarwa lokacin aiki. A shekarar 1964 kuma Franklin Henry ya wallafa maƙalar da ta yi kira da a ɗauki ilimin motsa jiki a matsayin fannin ilimi mai bincike, bayan an daɗe ana kallonsa a matsayin horon malaman wasanni kawai.

A Nijeriya an daɗe ana koyar da fannin da sunan ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, kafin jami'o'i da yawa su sauya sunan sassansu zuwa ilimin motsin ɗan Adam da kiwon lafiya. Gasar Wasanni ta Ƙasa da aka fara a Legas a shekarar 1973 ta ƙara wa fannin daraja, kuma daga baya aka shigar da wasannin gargajiya irin su dambe da kokawa da langa a cikinta. A Dutsin-Ma akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wadda aka sa wa sunan Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina kuma tsohon Ministan Ilimi na Jihar Arewa. Akwai kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ɗaya daga cikin jami'o'i tara da gwamnatin tarayya ta kafa a shekarar 2011. Duk makarantun biyu suna horar da ɗalibai a wannan fanni.

2.3 Zaɓen Batu da Tsara Matsalar Bincike

Matakin farko, kuma wanda ya fi kowane wahala, shi ne zaɓen batu. Kuskuren da aka fi samu shi ne ɗalibi ya ɗauko batu mai faɗi, kamar "Wasanni da lafiyar matasa a Jihar Katsina". Irin wannan batu ba ya auno, domin bai faɗi wane wasa ba, bai faɗi wane ɓangare na lafiya ba, bai kuma faɗi waɗanne matasa ba. Batu nagari yana amsa tambayoyi huɗu: me za a auna, a jikin wa, a ina, kuma cikin wane lokaci. Idan aka tace batun da ke sama, yana iya komawa "Tasirin wasan langa na mako takwas ga daidaiton tsayuwar ɗaliban ƙaramar sakandare maza a garin Kurfi". A nan an san abin da za a sarrafa, wato langa, an kuma san abin da za a auna, wato daidaiton tsayuwa.

Dalilin da ya sa wannan misali ya dace a bayyane yake. A wasan langa yaro yana riƙe ƙafa ɗaya da hannu ta baya, yana tsalle da ɗaya, yana ture abokan hamayya domin ruwan ɓangarensu ya sami hanyar wucewa. Wannan yana tilasta wa jiki riƙe cibiyar nauyinsa a kan tafin ƙafa ɗaya, alhali ana bangazarsa. Saboda haka akwai hujjar kimiyya da za ta sa a yi zaton langa tana inganta daidaito. Aikin bincike shi ne ya gwada wannan zato da awo. Daga batun ne ake fitar da manufofi, daga manufofi a fitar da tambayoyin bincike, daga tambayoyi kuma a fitar da hasashe. Bisa al'adar fannin, akan rubuta hasashen ne a sigar korewa, wato a ce babu bambanci mai ma'ana tsakanin waɗanda suka yi langa da waɗanda ba su yi ba, sannan a bar alƙaluma su ƙaryata shi ko su bar shi tsaye.

2.4 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Hausawa na cewa, na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Amma a fagen bincike labarin na gaba shi ne jarin na baya. Bitar ayyukan da suka gabata tana nuna abin da aka riga aka gano, da hanyoyin da aka bi, da kuma giɓin da ya rage. Ɗalibin da ke nazarin wasannin gargajiya yana buƙatar rumbu biyu. Na farko shi ne na mujallun kimiyyar wasanni, inda zai sami gwaje-gwaje da ma'aunai. Na biyu shi ne na sassan nazarin Hausa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina, inda aka rubuta kundaye masu yawa a kan dambe da kokawa da wasannin yara ta fuskar al'ada da adabi. Abin lura a nan shi ne, kundayen rumbu na biyu sun fi mayar da hankali ga kirari da waƙa da tsarin wasa, alhali na rumbu na farko sun fi karkata ga ƙwallon ƙafa da guje-guje. Tsakanin waɗannan rumbuna biyu ne giɓin yake, kuma nan ne ɗalibin Dutsin-Ma ko Kurfi yake da damar kawo sabon abu.

Bita ba jera sunayen marubuta ba ce. Wajibi ne a kwatanta ayyukan da juna, a nuna inda suka yi tarayya da inda suka saɓa. Haka kuma kwafo aikin wani ba tare da ambaton sunansa ba laifi ne da ke iya jawo soke kundi gaba ɗaya, kuma a yau jami'o'i suna amfani da manhajar kwamfuta wajen gano shi.

2.5 Al'ummar Bincike da Fitar da Samfur

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Dutsin-Ma tana da mutane kusan 170,000, ita kuwa Kurfi kimanin 117,000. Babu ɗalibin da zai iya auna wannan adadi, don haka sai ya iyakance al'ummar bincikensa, sannan ya fitar da samfur daga cikinta. Hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko ita ce jadawalin Krejcie da Morgan na shekarar 1970, wanda ya nuna cewa al'umma mai mutum 100 tana buƙatar samfur 80, mai 500 tana buƙatar 217, mai 1,000 kuma 278. Ta biyu ita ce ƙa'idar Taro Yamane ta shekarar 1967. A ƙaddara makarantun da aka zaɓa suna da ɗalibai 1,200, kuma an yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100. Za a ninka 0.05 da kansa a sami 0.0025, a ninka da 1,200 a sami 3, a ƙara 1 ya zama 4, sannan a raba 1,200 da 4. Samfurin ya zama 300 ke nan.

Irin wannan adadi ya dace da binciken da ake yi da takardar tambayoyi. Binciken gwaji, kamar na langa, yakan wadatu da rukuni biyu masu ɗan madaidaicin adadi, muddin an raba yaran ta hanyar ƙuri'a, ba da son ran malami ba. Idan aka bar malamin wasanni ya zaɓo gwanayensa ya zuba a rukunin gwaji, sakamakon ya lalace tun kafin a fara.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da wannan yanki. Hare-haren 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan yammacin Dutsin-Ma da Kurfi da maƙwabtansu Safana da Batsari da Ɗanmusa. A watan Satumba na shekarar 2021 har an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Wannan yanayi yakan sa ɗalibi ya taƙaita ga makarantun cikin gari. Yin hakan ba aibi ba ne, amma dole ne a bayyana shi ƙarara a ƙarƙashin iyakokin bincike. Yaron ƙauye da ke tafiyar kilomita da dama zuwa makaranta, yana noma, yana ɗibar ruwa, ba lalle ne juriyarsa ta yi daidai da ta yaron cikin gari ba. Saboda haka sakamakon da aka samu a cikin gari ba ya halatta a yi wa ƙaramar hukuma duka hukunci da shi.

2.6 Kayan Awo da Gwaje-gwaje

Abin da ya bambanta kundin wannan fanni da na sauran fannonin tsangayar ilimi shi ne awon jiki kai tsaye. Gwaje-gwaje da yawa ba sa buƙatar kayan aiki masu tsada. Agogon ƙidayar daƙiƙa, da tef na awo, da sikeli, da benci, da fili sun wadatar. Ga wasu daga ciki:

(a) Gwajin gudun minti 12. Kenneth Cooper ne ya fito da shi a shekarar 1968 domin sojojin saman Amurka. Mutum zai yi gudu iyakar ƙarfinsa na minti 12, a auna nisan da ya ci da mita. Ana cire 504.9 daga nisan, a raba abin da ya rage da 44.73, a sami ƙiyasin iyakar iskar oksijin da jiki yake iya amfani da ita. Wanda ya ci mita 2,400 zai sami kimanin mililita 42.4 ga kowane kilo na nauyinsa a minti ɗaya.

(b) Gwajin hawa benci na Harvard, wanda Lucien Brouha da abokan aikinsa suka tsara a shekarar 1943. Ana hawa da sauka daga benci mai tsayin inci 20, sau 30 a minti, har minti 5. Bayan an zauna, ana ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 30 har sau uku, bayan minti ɗaya, da biyu, da uku. Idan mutum ya cika daƙiƙa 300, kuma bugun ya kasance 70 da 60 da 55, jimla 185, za a ninka 300 da 100, a raba da ninkin 185 sau biyu, a sami maki 81. Gwargwadon saurin komawar zuciya daidai, gwargwadon yawan makin.

(c) Gwajin zama da miƙa hannu, na Wells da Dillon a shekarar 1952, wanda ke auna lanƙwasuwar gadon baya da tsokokin bayan cinya.

(d) Gwajin tsayuwar shamuwa, inda mutum zai tsaya da ƙafa ɗaya, ya ɗora tafin ɗayar a gefen gwiwa, ya ɗaga dunduniya, a ƙirga daƙiƙun da ya jure. Wannan shi ne ya dace da misalin langa.

(e) Ma'aunin nauyi da tsayi, inda ake raba nauyi na kilo da tsayi na mita da aka ninka da kansa. Mai kilo 60 da tsayin mita 1.70 zai sami 20.8. Ga yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19, ana fassara wannan adadi ne da jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2007, domin ma'aunin manya ba ya aiki a kansu.

Kowane kayan awo yana buƙatar sharuɗɗa biyu. Na farko shi ne inganci, wato ya auna abin da aka ce zai auna. Na biyu shi ne tabbaci, wato ya ba da sakamako iri ɗaya idan aka maimaita. Idan takardar tambayoyi ce mai matakan amincewa irin na Rensis Likert na shekarar 1932, akan gwada ta a wata makaranta da ba ta cikin samfur, sannan a lissafa tabbacinta da ma'aunin Cronbach na shekarar 1951, inda galibi ake karɓar 0.70 zuwa sama. Daɗin daɗawa, yawancin yaran firamare da ƙananan sakandare a wannan yanki sun fi fahimtar Hausa. Hanyar da ta dace ita ce a fassara takardar zuwa Hausa, a ba wani daban ya mayar da ita Turanci, a kwatanta biyun. Kalma kamar "motsa jiki" tana iya nufin atisaye kawai a wurin yaro, har ya ce ba ya yi, alhali kullum yana tura kurar ruwa ko yana huɗa a gona.

2.7 Yanayi da Kare Lafiyar Mahalarta

Sanarwar Helsinki ta shekarar 1964 ta shimfiɗa ƙa'idar cewa ba a bincike a jikin mutum sai da yardarsa, kuma lafiyarsa tana gaba da buƙatar bincike. Tun da yara ba su isa ba da izini da kansu ba, wajibi ne a sami yardar iyaye a rubuce, bayan takardar gabatarwa daga sashe zuwa hukumar ilimi da shugaban makaranta. Idan binciken ya shafi 'yan dambe ko 'yan kokawa a fili, ana bi ta hannun mai unguwa ko dagaci da shugabannin wasan. Ɗalibai mata kuwa mace ce ya kamata ta auna su, a wuri keɓaɓɓe.

Kafin kowane gwaji mai wahala, dole ne a tantance masu ciwon sikila, da masu asma, da masu ciwon zuciya, da waɗanda zazzaɓi bai daɗe da sakinsu ba, a cire su. Yanayin ƙasa ma yana da tasiri. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi yakan kai digiri 40 a wannan yanki, don haka gwajin gudu sai da sassafe, kuma a tanadi ruwan sha. Da hunturu ƙura tana takura wa numfashi. Da damina kuwa yara da yawa suna gona, wanda ke rage halarta. Haka nan bai dace a yi awon farko kafin azumin Ramadan, a yi na biyu a cikinsa ba, domin bambancin da za a gani na iya zama na ƙishirwa da yunwa. Ƙa'idar ita ce a yi awon farko da na ƙarshe a lokaci ɗaya na yini, a fili ɗaya, da kayan awo ɗaya.

2.8 Ƙalailaice Sakamako da Tsarin Kundi

Bayan tattara bayanai, ana fara bayyana su da matsakaici da kaso cikin ɗari a jadawali. Domin gwada hasashe, idan rukuni biyu ake kwatantawa akan yi amfani da gwajin "t", wanda William Gosset ya wallafa a shekarar 1908. Idan bayanan na ƙidayar rukuni ne, akan yi amfani da gwajin Karl Pearson na shekarar 1900. Mizanin da aka saba shi ne 0.05. Manhajar SPSS tana sauƙaƙa lissafin, amma ba ta fassara shi, kuma malaman jarrabawa sukan tambayi ɗalibi dalilin zaɓen gwajin da ya yi amfani da shi. Idan sakamako ya nuna babu bambanci, wannan ma sakamako ne, kuma sauya alƙaluma domin su dace da zato shi ne mafi munin laifin bincike.

Kundin yakan ƙunshi babi biyar: gabatarwa, da bitar ayyuka, da hanyoyin bincike, da sakamako tare da tattaunawa, sai taƙaitawa da shawarwari. Shawarwarin dole su fito daga abin da aka gano. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun matsakaicin minti 60 na motsa jiki a kowace rana. Kundin da ya auna ko langa tana taimakawa wajen cimma wannan buri zai iya ba shugaban makarantar da ba shi da kuɗin sayen kayan wasa hujjar sanya ta a jadawalin darasi, tun da ba ta buƙatar komai sai fili.

2.9 Kammalawa

A wannan babi an yi bayanin ma'anar ilimin motsin jiki da tarihinsa, an kuma bi matakan rubuta kundi tun daga zaɓen batu har zuwa shawarwari. An nuna cewa ingancin kundi ya dogara ne ga taƙaitaccen batu, da samfurin da aka fitar bisa ƙa'ida, da awon da aka yi cikin kulawa, da kuma bayyana iyakokin da tsaro da yanayi suka gindaya a Dutsin-Ma da Kurfi. Babi na gaba zai dubi wasannin gargajiya na wannan yanki ɗaya bayan ɗaya, tare da nau'in motsin da kowanne ya ƙunsa.